Mai Wanke Ƙafar Kare

Trifon ya tura ƙofa da kafaɗa, ya fizgi igiya, karen ya shigo yana ɗingishi. Bahon roba na nan a bakin ƙofa inda 'yarsa Nevena ke ajiye shi kullum, ga butar ruwan ɗumi, ga shuɗin tawul a rataye da suna ɗinke a jikinsa da jan zare: Marsel. Tsohon ya dubi kayan nan ya ja tsaki. Ya tsiyaya ruwa a kan tawul ɗin, ya goge ƙasan takalminsa da shi don ya yi dauɗa, ya mayar ya rataye. Sauran ruwan ya juye a tukunyar furen da ke lungu. Wankin ƙafa na safiyar yau ke nan, irin na jiya, irin na kwana ashirin da suka wuce.

"Wuce ciki, ranka ya daɗe," ya ce wa karen. "An gama maka hidima."

Marsel fari ne, gashi ya rufe masa ido, bai fi zakara girma ba. Yana da riga biyu, ta ruwa da ta sanyi, yana da buroshin haƙori, har ranar haihuwa gare shi. Trifon kuwa shekara arba'in da shida ya yi yana kiwon tumaki a duwatsun bayan garin Troyan, ya kuma san abin da ake kira kare. Na ƙarshen da ya yi, Karaman, a kan dusar ƙanƙara yake kwana, busasshen burodi yake ci da ruwan cuku, sau biyu yana dawowa gida da gashin kyarkeci a baki. Har ya mutu ba wanda ya taɓa tunanin wanke masa ƙafa.

Da son ransa ne, da Trifon bai ga Sofiya, babban birnin ƙasar, ba sai a talabijin. A watan Oktoba ne ya zame a tsakar gidansa, ya kwanta nan tun safe har rana ta karkata, sai da mai motar burodi ya leƙo ya same shi. Mutum tara suka rage a ƙauyen, ƙaraminsu ya ba saba'in baya. Nevena ta je ta kwaso shi da jakarsa guda, ta kawo shi hawa na bakwai a unguwar Lyulin, ɗaki biyu da kicin, ta yi masa shimfiɗa a doguwar kujerar falo. Mijinta Plamen, mai sayar da tayil, ya ce, "Mu gwada mu gani zuwa ƙarshen hunturu." Bai faɗi abin da zai biyo baya in gwajin ya ƙi ba, ba kuma sai ya faɗa ba. Takardar tallan gidan tsofaffi tana cikin durowar cokula, da hoton wasu tsofaffi uku suna washe haƙoran roba. Trifon ya gan ta tun kwanansa na biyu. Ya san irin gidajen nan. Maƙwabcinsa Gencho wata huɗu ya yi a ɗaya daga cikinsu, aka dawo da shi a akwati.

Aiki ɗaya aka ba shi a gidan: ya fita da Marsel safe da yamma, in sun dawo ya wanke masa ƙafa. Nevena ta zaunar da shi ta yi masa karatu sai ka ce ɗan firamare. Da hunturu motoci na bin titi suna watsa gishiri don ƙanƙara ta narke, gishirin na maƙalewa tsakanin yatsun kare, in ba a wanke ba sai ya ci fata. Trifon ya saurara har ta kai aya.

"Gishiri?" ya ce. "Mu da muke hawa dutse da shi a bayan jaki don tumaki su lasa? Ku 'yan birni, inuwarku ma tsoro take ba ku."

Kwana uku ya yi yana wankewa, yana durƙuso da gwiwar da ba ta son lanƙwasuwa. A rana ta huɗu ya tuna ko shi wane ne.

Yau ɗin, yana cikin cire takalmi ya ji ihun Nevena daga kicin.

"Plamen! Plamen, zo ka gani! Jini!"

Tayil ɗin gidan fari ne fat, Plamen ya zaɓo shi da kansa, kuma ba ya rufa wa kowa asiri. Tun daga bakin ƙofa har gindin firiji ga 'yan sawaye nan ja-ja. Marsel ya kwanta yana lasar ƙafar gaba. Plamen ya fito da kumfar aski a rabin fuska, ya fara duban tayil, sannan karen, sannan surukinsa.

"Kwalba ya taka ne, Baba?"

"Ni na san abin da ya taka? Ƙafarsa ce, ba tawa ba."

"Kun dai wanke masa ko?"

"Ga tawul can, je ka shinshina."

Nevena ta riga ta naɗe karen a bargo tana cewa, "Yi haƙuri, ɗan Mama, yi haƙuri." Shekararta arba'in da ɗaya, mutum shida ke aiki a ƙarƙashinta a ofishin inshora, amma ga ta nan duk ta rikice a kan ciwon da a ƙauye ko kallo bai isa a yi masa ba. Plamen ya ce akwai mai saye da ke jiransa a shago, shi zai tafi da mota, ya biyo ya ɗauke su daga baya.

"Baba, sa rigar sanyinka," in ji Nevena. "Kai ka san inda kuka bi, likita za ta tambaya."

Bas ɗin ya cika maƙil, kowa na warin jiƙaƙƙen ulu. Wani saurayi ya ga mace da bargo a ƙirji, ya miƙe da sauri ya ba ta wuri. Da baƙin hancin Marsel ya leƙo, saurayin ya ɗan yi sororo, amma ya bar mata kujerar. Trifon, mai shekara saba'in da takwas, ya riƙe ƙarfe ya tsaya har tasha ta shida.

Asibitin dabbobin ya fi duk wani asibitin mutane da Trifon ya taɓa shiga tsabta. Wani ƙato mai gemu na zaune da kyanwa sanye da suwaita, yana yi mata raɗa a kunne. Wata tsohuwa ta shafa jan baki tana ba zomo ruwa da sirinji. Yarinyar da ke bakin tebur ta ɗago kai.

"Sunan mara lafiya?"

"Marsel Dimov," in ji Nevena.

"Af," in ji Trifon, yadda kowa zai ji. "Ashe jikana ne na rako."

Ba wanda ya yi dariya. Mai gemun ya rufe wa kyanwarsa kunne.

Likitar ba ta kai talatin ba. Ta ɗora Marsel a teburin ƙarfe, ta jawo fitila, ta buɗe yatsun ƙafar gaba ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki wani ɗan ƙarfe ta kankare, wani abu ruwan toka ya zubo a kan teburin yana ƙas-ƙas. A ƙarƙashinsa fatar ta yi ja ta tsage. Ta duba sauran ukun, duk kanwar ja ce.

"Wa ke wanke masa ƙafa?"

"Babana," in ji Nevena. "Safe da yamma. Ni nake wanke tawul ɗin, kullum da dauɗa nake samunsa."

Likitar ta dubi Trifon ta saman tabarau. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ya fi ciwo.

"Baba, tawul kam wataƙila ya ga ruwa. Ƙafafun nan dai sun yi mako uku ba su gan shi ba."

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Trifon ya gyara tsayuwa, ya dubi rufin ɗakin.

"A wurinmu," ya ce, "kare shi ke wanke kansa. Don me Allah ya ba shi harshe?"

"Harshen ne ya ƙarasa su. Yana lasa, gishirin na ƙara shiga." Ta juya wajen Nevena, ta bar shi nan tsaye kamar turken da ba akuya. "Sau uku a rana, safe, tsakar rana, yamma. Ruwa mai ɗumi, cokali ɗaya na wannan maganin, a jiƙa ƙafar minti goma. A tsane tsakanin yatsu sosai, a shafa wannan man, a sa masa safa. In aka bi ƙa'ida, mako uku ya warke. In aka yi wasa, sai ya kai bikin Ista yana ɗingishi."

A waje dusar ƙanƙarar ta zama taɓo baƙi. Suka tsaya a gefen titi suna jiran Plamen. Nevena ta kira shi a waya, ta matsa nesa, ta yi magana a gajarce, ta dawo. Idonta ya yi ja.

"Kwana ashirin, Baba. Kwana ashirin kana jiƙa tawul. Ni kuma kullum ina cewa Plamen, ka gani, Baba na ƙoƙari, Baba ya fara sabawa."

"Ke, ni fa ba bawan kare ba ne."

"Wa ya ce kai bawa ne? Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya tak!"

"Da kin haifi ɗan mutum, da na goya shi a wuya na zaga gari da shi. Amma kin je kin sayo tsumma mai ƙafa huɗu kin ce in durƙusa masa."

Maganar ta fita kafin ya auna ta. Ya san shekarun da ta yi tana bin likitoci, ya san sau biyu ciki na zubewa. Ya sani sarai, ya kuma faɗa. Nevena ta gyara wa karen bargo, sannan ta yi magana a hankali.

"Mama shekara biyu ta yi a kwance. Duk Asabar nake hawa bas in tafi in yi mata wanka, in yanke mata farce. Kai kana gida ɗaya da ita. Ko sau ɗaya ka taɓa ɗaukar baho?"

"Wannan aikin mata ne."

"Na sani. Na kare kuma aikin bayi ne. Kai dai ba a haifi wanda ya isa ka durƙusa masa ba."

Trifon ya kau da kai. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ke zuwa da haushi, ya tsani likitar, ya tsani birnin, ya tsani ɗan abin nan da ke rawar sanyi a cikin bargo.

Plamen ya iso da motarsa mai ƙamshin turaren roba. Ya fito da kansa ya buɗe wa surukinsa ƙofar baya, abin da bai taɓa yi ba. Trifon ya daɗe a duniya, ya san rago ba ya samun dusa mai kyau sai an kusa yanka shi. Sai da suka hau babban titi Plamen ya rage rediyo ya dubi madubi.

"Baba, kun san ina girmama ku."

"Faɗi abin da za ka faɗa, yaro. Girmamawar ka ajiye ta a shago."

"To. Mun ce a gwada, an gwada. Ni ban ga laifinku ba, kowa da inda ya saba. Na kira mutanen gidan tsofaffin nan ɗazu. Akwai gado. Ɗaki na mutum biyu, taga na kallon lambu, ana ba da miyar wake ranar Juma'a. Cewa suka yi ko Litinin ɗin nan."

Nevena na kallon waje, karen a cinyarta.

"Litinin," in ji Trifon.

"Haka suka ce. Sai dai akwai matsala." Plamen ya tsaya a jar danja, yana buga sitiyari da yatsa. "Wankin ƙafa na safe da na yamma, mu ma sai mu yi. Na tsakar ranan nan ne. Ni ba na iya barin shago, ita ba ta iya barin ofis, daga can zuwa Lyulin awa guda ne. Yarinyar da ke kula da karnukan mutane kuwa ta ce ba ta da wuri sai bayan hunturu. Don haka na roƙe su su riƙe mana gadon."

"Har yaushe?"

"Har ƙafar yaron ta warke."

Danja ta ba da hannu. Plamen ya sa giya, fuskarsa a sake, irin ta mutumin da ya sayar da fasasshen tayil a farashin sabo.

"Wannan karon dai, Baba, a yi da gaske. Don Allah."

Suka sauke shi a bakin bene da kare, da ledar magani, da 'yan safa huɗu masu zanen ƙashi. Nevena ta sumbaci Marsel a ka. Ta dubi ubanta kamar za ta ce wani abu, sai ta ce, "Sha biyu daidai, Baba," ta ja ƙofar mota.

Gidan shiru, sai bututun ɗumama ɗaki da ke ƙara. Sawayen jinin sun bushe a kan tayil. Trifon ya ajiye karen a ƙasa, ya zauna a kujerar kicin da rigar sanyinsa a jiki. Agogon bango ya ce sha biyu saura kwata.

Ba ya buƙatar takarda don wannan lissafin. In ƙafa ta warke, mako uku. In ba ta warke ba, Ista, likita da bakinta ta faɗa, kuma Ista ta bana sai watan Afrilu. Kafin nan wa ya sani? Gadon na iya tafiya ga wani. Ƙanƙara za ta narke a ƙauye, mutum na iya cewa a mayar da shi gidansa ya mutu a tsakar gidansa kamar mutum. Ba kuma sai ya yi wani abu ba. Na safe da na yamma suna kallo, sai ya yi musu yadda suke so. Na tsakar rana daga shi sai Allah. Ya juye cokalin magani a masai, ya bar ƙafar da danshi a cikin safa, shi ke nan. Ba wanda zai ce ga laifinsa. Likita ma sai ta ce wani ciwon da taurin kai yake.

Su suka fara. Su suka ɗora kwanakin ubansu a kan tafin ƙafar kare, to, sai ya riƙe tafin da kyau.

Marsel ya taso daga inda yake, yana taka tayil kamar mai taka garwashi. Ya zo ya tsaya a gabansa, ya ɗaga ƙafar gaba ta dama, ya riƙe ta a sama. Ba roƙo yake ba, ba shi da wannan wayon. Zafi take yi masa in ya ajiye.

"Kauce ka ba ni wuri."

Bai kauce ba. Trifon ya sunkuya don ya ture shi, hannunsa ya kama ƙafar. Tun zuwansa gidan nan bai taɓa dubanta da idon basira ba. Ya juya ta wajen hasken taga, ya danna da babban yatsa, ya kai hanci ya shinshina. Ya san wannan warin. Shekarar da aka yi ruwa har wata biyu, ciwon kofato ya shiga garkensa, tunkiya ɗari da goma. Shi kaɗai ya kayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya fere, ya wanke, ya jiƙa a ruwan magani, gwiwarsa a cikin taɓo tun asuba har duhu. Makiyayan kwarin nan sun yi asarar rabin dabbobinsu. Shi uku ya rasa, kuma har yau yana jin haushin ukun.

Wannan tsagar ta tsakiya ta fara ruwa. Likitar ta gani kuwa? Yarinya ce, littafi ta sani. In aka bar wannan da danshi kwana huɗu, sai ta ci har ƙashi.

Ya daɗe riƙe da ƙafar. Sannan ya zagi Plamen, ya zagi tayil, ya zagi wanda ya fara kawo kare cikin ɗaki, ya miƙe ya cire rigar sanyi ya naɗe hannun riga.

Ya ɗora ruwa a wuta. Ya wanke bahon da sabulu sau biyu, don bai yarda da wankin 'yan birni ba. Ya surka ruwan, ya gwada da gwiwar hannu, ya ƙara na sanyi kaɗan. Ya auna magani cokali ɗaya, ya shafe bakin cokalin da yatsa. Tawul ɗin mai suna ya jefa shi kwandon wanki, ya buɗe jakarsa ya ɗauko tsohuwar rigarsa ta auduga, wadda ta sha wanki har ta yi laushi, ya yage ta gida huɗu.

Durƙuson ne ya ɗauki lokaci. Ya dafa bango, ya sauke gwiwa ɗaya, ya jira zafin ya wuce, ya sauke ɗayar. Ya ɗaga Marsel ya tsoma shi. Karen ya yi ƙara, ya nemi fita, Trifon ya riƙe shi ta ƙirji da hannu ɗaya, riƙon da ba tunkiyar da ta taɓa kuɓuce masa. Jim kaɗan rawar jikin ta lafa. Ruwan ya fara yin toka-toka. Marsel ya juya ya lashi wuyan hannunsa.

"Kar ka kuskura," in ji Trifon. "Ba abokinka ba ne ni. Tsaya da kyau, ɗan banza, in za ka kore ni ai sai da ƙafa."

Ya buɗe yatsun a cikin ruwa, ɗaya bayan ɗaya, yana murza gishirin da ya daskare a gindin gashi. Ya ɗaga kai ya dubi agogo ta ƙofar kicin. Likita ta ce minti goma. Trifon ya san irin wannan ciwon fiye da ita, ya ba shi sha biyar.